Minti 90 a jihar Franklin: yadda na shirya wa sashen rubutun aiki na jarrabawar lauyoyin Amurka

Na yi karatun lauya na farko a Najeriya, na yi aiki na wasu shekaru a ƙarƙashin manyan lauyoyi, sannan na tafi Amurka neman digiri na biyu a fannin shari'a, da niyyar zama jarrabawar samun lasisin aikin lauya ta jihar New York. Jihar tana cikin waɗanda ke buɗe ƙofa ga wanda ya yi karatunsa a wata ƙasa, bisa ƙa'ida ta 520.6 ta babbar kotunta. Hukumar jarrabawar takan duba takardun mutum, idan ta ga karatunsa ya gaza ta fuskar tsawon lokaci ko ta fuskar abin da aka koyar da shi, sai ta nemi ya cike giɓin da digiri na biyu a wata jami'ar Amurka da aka amince da ita. Kuɗin rajista ga irinmu dala 750 ne, alhali wanda ya yi digirin lauyansa a can dala 250 yake biya. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ƙudurta cewa zama ɗaya zai yi.

Tun watan Yulin 2016 New York ta koma amfani da jarrabawar bai-ɗaya da ake kira UBE, wadda NCBE, hukumar da ke tsara wa jihohin Amurka jarrabawar lauyoyi, ke shiryawa, kuma jihohi da dama ke karɓar makinta. Ana yin ta sau biyu a shekara, a ranakun Talata da Laraba na ƙarshen watan Fabrairu da na ƙarshen Yuli. Ranar Laraba ta tambayoyin zaɓi ce guda 200, kuma su ne ke ɗauke da rabin maki. Ranar Talata ta rubutu ce: akwai gajerun tambayoyi 6 na minti 30 kowace, masu kashi 30 cikin ɗari, akwai kuma ayyuka 2 na minti 90 kowane, masu kashi 20 cikin ɗari, waɗanda ake kira MPT. Jimillar maki 400 ne, New York na neman 266, wasu jihohi kamar Minnesota da Alabama na neman 260, Texas kuma 270. Labarin da nake son bayarwa na waɗannan ayyuka biyu ne, domin a kansu ne na fi ganin bambanci tsakanin sanin doka da iya aikin lauya.

Abin da ake miƙa wa mai jarrabawa a wannan sashe ɗan littafi ne mai ɓangare biyu. Ɓangaren farko fayil ne irin wanda ake ajiyewa a ofishin lauya: takardar umarni daga babban lauya, bayanan hirar da aka yi da wanda ake wakilta, wasiƙu, kwafin yarjejeniya, rahoton 'yan sanda ko na likita, maganganun shaidu da aka ɗauka bisa rantsuwa, wani lokaci har da yankin labarin jarida. Ɓangare na biyu shi ne ɗan laburare, inda aka tara dokoki da ƙa'idoji da hukunce-hukuncen kotu da za a yi aiki da su. Duk abin da ke ciki yana faruwa ne a wata jiha ta ƙage mai suna Franklin, wadda ke da maƙwabta biyu na ƙage, Columbia da Olympia, dukansu a ƙarƙashin wani yankin kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya na 15 wanda shi ma babu shi a zahiri. Ana ɗaukar mai jarrabawa a matsayin ƙaramin lauya da ya shigo ofis da safe ya tarar da aiki a kan teburinsa, kuma ana son ya miƙa shi kafin awa ɗaya da rabi ta cika.

Na nemi sanin asalin wannan tsari ne domin in gane abin da masu ba da maki ke nema. Jihar Kalifoniya ce ta shigar da irinsa cikin jarrabawarta a 1983, a lokacin ma awa 3 ake ba kowane aiki, kafin ta mai da shi aiki ɗaya na minti 90 a 2017. A 1992 wani kwamitin ƙungiyar lauyoyin Amurka da Robert MacCrate ya jagoranta ya fitar da rahoto kan tazarar da ke tsakanin abin da makarantun lauya ke koyarwa da abin da aiki ke buƙata, ya jera ƙwarewa 10 da ya kamata kowane sabon lauya ya mallaka. NCBE ta fara ba da nata gwajin a 1997. Abubuwan da ta ce tana aunawa su ne warware matsala, nazarin doka, tantance gaskiyar abin da ya faru, isar da magana, tsara aiki cikin lokaci, da gane inda ɗa'ar aikin lauya ta gitta. Haddar doka ba ta cikin jerin ko kaɗan.

Wannan ne ma ya sa yawancin abokan karatuna suka ɗauke shi abu mai sauƙi. Hujjarsu ita ce tunda an ba ka dokar a hannu, babu abin da za a karanta, gara a zuba lokaci a kan dokar kadarori da dokar shaida da tsarin mulki, waɗanda sai an haddace su. Akwai gaskiya a maganar, domin mu da muka zo daga waje muna da nauyin koyon tsarin mulkin Amurka da ƙa'idojin kotunan tarayya a cikin 'yan watanni. Amma ni lissafina ya bambanta. Kashi 20 na maki 400 maki 80 ke nan, kuma shi ne wuri ɗaya tak a duk jarrabawar inda wanda ya shafe shekara uku a makarantar lauya ta Amurka bai fi ni sanin dokar ba. Ni baƙuwa ce a Franklin, shi ma baƙo ne.

Wata 'yar'uwa da ta riga ni cin jarrabawar, wadda nake kira Yaya saboda girmamawa, ita ta ƙarfafa mini wannan ra'ayi, kuma ita ta ɗauki nauyin duba abin da nake rubutawa. Da na faɗa mata cewa ina ganin shekarun da na yi ina rubuta takardun kotu za su taimake ni, sai ta ce: “Za su taimake ki, ƙanwata, amma sai kin ajiye rabinsu a bakin ƙofa. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura.” Abin da take nufi shi ne dokar da na sani a waje ba ta da hurumi a nan. Umarnin da ke bayan littafin yana faɗa ƙarara cewa hukunce-hukuncen da ke laburaren na iya zama na gaske, ko waɗanda aka sauya, ko waɗanda aka ƙirƙira don jarrabawar kaɗai, saboda haka ko da mutum ya ga sunan shari'ar da ya sani, kada ya ɗauka ita ce wadda ya taɓa karantawa. Ilimin da mutum ya zo da shi yana taimaka masa ya fahimci abin da yake karantawa da sauri, amma hujjar da zai kafa dole ta fito daga shafukan da ke gabansa. Ga lauyan da ya saba alfahari da yawan shari'o'in da ke kansa, wannan horo ne mai ɗaci.

Abu na farko da na koya shi ne ba takardar umarni haƙƙinta. Yawanci ba ta wuce shafi ɗaya ba, amma ita ce ke faɗin wanda kake wakilta, da wanda zai karanta rubutunka, da irin takardar da ake so, da tambayoyin da za a amsa, da kuma abin da aka hana ka taɓawa. Babban lauyan yakan ce kada a rubuta sashen bayanin yadda abin ya faru, ko kada a tattauna batun diyya domin wani ne ke aiki a kansa. Wanda ya rubuta abin da aka ce a bari, komai kyawunsa, ya ƙona mintunansa ne a banza, ya kuma nuna cewa ba ya jin magana. Sau da yawa akan biyo da takarda ta biyu mai bayanin yadda ofishin ke tsara irin wannan rubutu, wato yadda ake sa kan magana da yadda ake jera sassa, kuma ita ma umarni ce da ake auna mutum a kanta. Na saba wa kaina karanta takardar sau biyu, in kwafe tambayoyin da ke cikinta a kwamfuta su zama ƙashin amsata tun kafin in buɗe wani shafi, sannan in sake leƙa ta idan na kai tsakiyar rubutu.

Shawarar NCBE ita ce a raba lokacin gida biyu, minti 45 na karatu da tsarawa, minti 45 na rubutu. Masu shiri sun kasu a kan abin da ya kamata a fara karantawa bayan takardar umarni. Wasu sun fi son fayil, domin su san labarin tukuna. Ni na zaɓi laburare, kuma har yau ina ganin shi ya fi. Fayil cike yake da bayanai da aka cusa da gangan, wasu ba su da alaƙa da batun, wasu suna cin karo da juna, wasu kuma daga bakin wanda ba abin dogaro ba suka fito. Wanda bai san sharuɗɗan da doka ta gindaya ba ba shi da ma'aunin da zai rarrabe mai amfani da marar amfani, sai ya ja layi a ƙarƙashin komai, daga baya ya dawo ya sake karantawa. Idan na fara da dokar, nakan rubuta sharuɗɗanta a jere a ƙarƙashin kowace tambaya, ta yadda duk bayanin da na ci karo da shi a fayil akwai gurbin da ke jiransa.

Karatun laburaren kansa yana da ladubbansa. Kafin in karanta ko layi ɗaya na hukunci, nakan duba kotun da ta yanke shi da shekarar da aka yanke. Hukuncin Kotun Ƙolin Franklin wajibi ne a kan kotunan da ke ƙasanta, na kotun ɗaukaka ƙara yana biye, amma na Columbia ko Olympia abin dubawa ne kawai, kotu na iya ɗauka tana iya bari, kuma ana son mai rubutu ya faɗi hakan da bakinsa. Idan hukunci ya girmi dokar majalisa da ke laburaren, sai a tambaya ko dokar ta sauya shi. A cikin hukunci ɗaya akan ambaci wasu tsofaffin shari'o'i biyu ko uku da gajeren bayanin abin da ya faru a cikinsu, kuma waɗannan su ma hujja ce da ake sa ran a yi amfani da ita. Ƙananan bayanan da ake sawa a ƙasan shafi kuwa, na lura ba a sa su don ado. A nan ake ɓoye togaciya, ko a nuna cewa wata kotu ta saɓa.

Bari in ƙirƙiri misali nawa domin a ga inda aikin yake. A ce wata mata ce ta zo ofis, direban da ke kai kayan wani kamfani ya buge ta da mota, ana son a san ko kamfanin zai ɗauki alhaki. Laburaren ya ce kamfani na ɗaukar alhakin sakacin ma'aikacinsa amma ba ya ɗaukar na ɗan kwangila mai cin gashin kansa, kuma kotun ƙoli ta jera abubuwan da ake dubawa: wa ke tsara lokacin aiki, wa ke da kayan aiki, yaya ake biya, kuma ko mutumin na da 'yancin yi wa wasu aiki. A fayil an ga yarjejeniyar da ta kira direban ɗan kwangila, an ga motar tasa ce, kuma ana biyansa ne bisa yawan kayan da ya kai. Amma a cikin maganar da manajan ya yi bisa rantsuwa, can a tsakiyar wata doguwar amsa, ya ce kamfanin ne ke tsara hanyar da direba zai bi kowace safiya, kuma an taɓa dakatar da wani direba saboda ya ɗauki kayan wani kamfani daban.

Amsa mai rauni za ta kwafo sharuɗɗan huɗu daidai, sannan ta ce a bisa waɗannan direban ma'aikaci ne. Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta yi aiki ba. Amsa mai ƙarfi za ta ɗauki sharaɗi ɗaya, ta faɗi abin da kotu ta yi da shi a shari'ar baya, ta kawo takamaiman abin da manajan ya faɗa, ta nuna inda lamarinmu ya yi kama da wancan da inda ya bambanta. Za ta amsa cewa mallakar mota da salon biyan kuɗi suna goyon bayan kamfanin, ba za ta ɓoye su ba, sannan ta bayyana dalilin da ya sa iko a kan hanya da hana yi wa wasu aiki suka fi nauyi, musamman idan akwai hukuncin da ya ce sunan da yarjejeniya ta ba mutum ba shi ne ke yanke magana ba. Yaya takan bi rubutuna tana neman kalmar “saboda”. Duk inda na yanke matsaya ba tare da ita ba, sai ta sa alamar tambaya a gefe. A ganina mafi yawan maki yana wannan mahaɗa ce tsakanin doka da abin da ya faru, kuma nan ne mai gaggawa ke tsallakewa.

Daga nan sai batun murya. Takardu biyu ne suka fi yawan fitowa: takardar nazari da ake rubuta wa babban lauya a cikin ofis, da rubutacciyar hujja da ake gabatar wa kotu. A ta farko ana son gaskiya tsirara, ko da ba ta yi wa wanda muke wakilta daɗi ba, domin babban lauya zai dogara da ita wajen yanke shawarar shigar da ƙara ko neman sulhu, kuma ƙaramin lauyan da ya ɓoye masa rauni ya cuce shi. A ta biyu kuwa mutum lauyan ɓangare ɗaya ne, yana jan hankalin alƙali zuwa ga matsayarsa, kuma har kan maganarsa dole ya zama cikakkiyar jimla mai ɗauke da hujja. Maimakon a rubuta “Matsayin direba”, sai a rubuta “Direban ma'aikacin kamfanin ne, saboda kamfanin ke tsara hanyarsa kullum kuma yana hana shi yi wa wasu aiki”. Duk da haka kare ɓangare ba lasisin ɓoye doka ba ne. Ƙa'ida ta 3.3 cikin ƙa'idojin ɗa'a na ƙungiyar lauyoyin Amurka ta wajabta wa lauya ya sanar da kotu hukuncin da ke ɗaure ta wanda ya saɓa wa matsayarsa kai tsaye, idan abokin hamayya bai kawo shi ba. Saboda haka idan an sa hukuncin da ke cutar da mu a laburare, an sa shi ne domin a ga yadda za mu bambance shi da lamarinmu.

Sauran nau'o'in ba su fiye fitowa ba, amma su ne ke firgita mutane: wasiƙa zuwa ga wanda ake wakilta, wasiƙar neman biyan haƙƙi zuwa ga lauyan ɗaya ɓangaren, gyaran wani sashe na yarjejeniya, daftarin wasiyya, jawabin rufe shari'a a gaban masu taya alƙali yanke hukunci. Na gwada kowane iri domin kada in fara ganinsa a zauren jarrabawa, kuma na lura cewa duk lokacin da aikin ya zama baƙo, umarnin tsara shi yakan fi yawa da bayyana. Wasiƙa zuwa ga wanda ake wakilta ce ta fi burge ni, domin a nan ake gane wanda ya fahimci doka da gaske. Wanda zai iya bayyana wa mai gyaran famfo dalilin da ya sa ƙararsa ke da rauni, da kalmomin da zai gane, ba tare da ya rage komai daga gaskiyar dokar ba, ya fahimce ta.

Akwai kuma salon rubutu. Na taso a al'adar da lauya ke buɗe magana da dogon ladabi ga kotu, yana jero kalmomin Latin, yana ɗauko dogayen sassa daga bakin manyan alƙalai. Ba na raina wannan al'ada, tana da kwarjininta a inda aka san ta. Amma mai duba takardun wannan jarrabawa yana da tulin amsoshi a gabansa, yana neman ya ga matsaya a farkon sakin layi, doka a bayanta, sannan hujja daga fayil. Kwafo dogon sashe na hukunci yana cinye minti uku ko huɗu, kuma bai nuna komai ba sai iya kwafi. Na koma taƙaita kowace ƙa'ida a jimla ɗaya ko biyu da kalmomina, in sa sunan shari'ar a gajarce, in wuce. Ba a buƙatar cikakken salon ambaton shari'a da mujallun shari'a ke bi, sunan da zai sa a gane wadda ake nufi ya wadatar.

Kayan atisayen da na fi amfana da su su ne tsofaffin ayyukan da NCBE ke fitarwa tare da takardar da ke nuna wa masu ba da maki abubuwan da ake sa ran gani, da kuma amsoshin wasu da suka ci da kyau waɗanda hukumar jarrabawar New York ke wallafawa. Takardar masu maki ta fi abin da ɗan Adam zai iya rubutawa a minti 45 nisa, don haka na ɗauke ta a matsayin ma'aunin abin da ya tsere mini. Amsoshin mutane kuwa sun kwantar mini da hankali, domin akwai kurakuran rubutu a cikinsu, akwai jimlolin da ba su da daɗi, amma sun amsa abin da aka tambaya kuma sun kai ƙarshe. Kowane atisaye nakan yi shi ne da agogo a gaba, a kan takarda da aka buga, ba tare da tsayawa ba, sannan in ɓata lokacin da ya kai na rubutun wajen kwatanta shi da takardar maki. Tambayar da nake yi wa kaina a kan duk abin da ya tsere ita ce ko ban gan shi ba ne a karatu, ko na gan shi ban gane amfaninsa ba, ko kuma lokaci ne ya ƙare, domin kowane ɗaya da maganinsa daban.

A makonnin ƙarshe na koma yin ayyuka biyu a jere, saboda a zauren jarrabawa awa 3 ake bayarwa dunƙule, babu mai cewa a ajiye na farko a ɗauki na biyu. Wannan tarko ne babba. Aikin farko kullum yana neman ƙarin minti goma, kuma wanda ya ba shi, daga aiki na biyu ya yanko su, inda mintunan farko na rubutu suka fi na ƙarshen wancan tsada nesa ba kusa ba. Yaya ta ce mini: “Idan minti 90 ya cika, ko a tsakiyar jimla kike, rufe ta ki tashi.” Na ce mata: “Yaya, ko da saura sakin layi ɗaya?” Ta ce ko da saura kalma biyar. Daga baya na gano dabarar rubuta gajeriyar kammalawa tun da wuri, da zarar na san inda amsar ta dosa, ta yadda ko lokaci ya yanke ni takardar ba za ta zama guntuwa ba.

Batun ɗa'a yakan zo a ɓoye, shi ya sa na ware masa kulawa. Wani lokaci wanda ake wakilta yakan faɗi a cikin hira cewa yana son a kira ɗaya ɓangaren kai tsaye a daidaita, alhali wancan yana da lauya, kuma ƙa'ida ta 4.2 ta hana lauya tuntuɓar mai lauya a kan batun ba tare da izinin lauyansa ba. Wani lokaci ofishin ne ya taɓa wakiltar abokin hamayya. Idan laburare ya ƙunshi wata ƙa'idar ɗa'a, to lallai akwai inda take aiki a fayil, kuma jimla biyu da ke jan hankalin babban lauya zuwa gare ta na iya bambanta amsa da sauran.

Ranar Talatar jarrabawa, ayyukan biyu ne suka zo da safe. Na farko takardar nazari ce irin wadda na saba, na biyu kuma wasiƙa ce mai tsarin da aka bayyana a takarda ta musamman. Na rubuta lokacin da zan bar na farko a saman takardar tsarawa tun kafin in karanta komai, kuma da ya cika na tashi, duk da cewa akwai wata hujja ƙarama da nake son ƙarawa. Abin da na fi tunawa shi ne natsuwar da na samu a mintunan farko, lokacin da na ji maɓallan kwamfuta sun fara ƙara a kewaye da ni ni kuwa ina karatu. Atisaye ya riga ya koya mini cewa wanda ya fara bugawa a minti na goma bai riga ni ba, domin zai tsaya a tsakiya ya koma neman abin da bai karanta ba. Na gama na biyu da ɗan sauran lokaci, na koma na daidaita shi da umarnin tsarawa layi bayan layi.

Sakamako ya fito a ƙarshen Oktoba, kuma Allah ya sa na haye. Cin jarrabawar ba shi ne ƙarshen hanya ba a New York. Akwai jarrabawar ɗa'ar aiki ta MPRE da ake neman maki 85 a cikinta, akwai gajeriyar jarrabawa kan dokokin jihar kanta mai tambayoyi 50 da ake yi ta intanet, akwai awa 50 na aikin lauya kyauta ga mabuƙata, sannan binciken hali da cancanta kafin a rantsar da mutum. A wajen wannan aikin kyauta ne, a wani ofishin taimakon masu haya, lauyar da ke kula da ni ta miƙo mini fayil da hukunce-hukunce uku, ta ce tana son shafi biyu kafin a tashi, kuma kada in taɓa batun kuɗin gyara domin ta riga ta yi shi. Na karanta hukunce-hukuncen kafin fayil ɗin, na duba kotun da ta yanke kowane, na miƙa mata shafi biyu.

Tsarin jarrabawar yana sauyawa. NCBE ta shirya sabuwar jarrabawa mai suna NextGen, wadda aka tsara wasu jihohi za su fara a Yulin 2026, New York kuma a Yulin 2028. A cikinta an rage yawan fannonin da ake haddacewa, an ƙara nauyin aikin da ake yi da fayil da dokar da aka bayar a hannu. Masu tambayata yanzu nakan ce su fara tabbatar da wace jarrabawa jiharsu za ta bayar a lokacin da za su zauna, su duba tsawon lokacin da aka ware wa kowane aiki a sabon tsarin, sannan su nemi tsofaffin ayyukan Franklin su yi atisaye da su, domin takardar umarni da fayil da laburare suna nan a tsarin biyu.